Mai Haɗa Waya da Rantsuwar Mijinta

Haihuwa da Karatu

An haife ta a shekarar 1952 a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, a wani gida mai ɗaki biyu bayan tasha. Mahaifinta mai gyaran birki ne, mahaifiyarta kuwa tela. Ta kammala firamare a 1965, sannan ta yi shekara biyu tana koyon buga keken rubutu.

Aiki da Aure

A 1969 aka ɗauke ta aiki a ofishin waya, inda take zama gaban allon layuka tana haɗa mai kira da wanda yake nema. Abin alfaharin masu wannan sana'a shi ne gwana ba ta duba littafi. Lambobi sama da ɗari huɗu ta haddace, har abokan aiki kan ce, "A ƙona littafin nan mana, ai muna da ke." A 1974 ta auri wani mai gyaran agogo, suka haifi mata biyu da namiji ɗaya. Ta yi ritaya a 1999.

Sakamakon Bincike

Mahaifiyarta da yayarta duk ciwon mantuwa ne ajalinsu, alhali 'yan'uwanta maza sun tsufa da hankalinsu. Don haka a 2013, da ta fara neman mabuɗi yana hannunta, ta shiga wani binciken likitoci. Aka ɗebi jininta, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likita ta bayyana mata cewa tana ɗauke da ƙwayar gado mai ƙara haɗarin ciwon, wadda alamu ke nuna ta fi tsananta ga mata, kuma sadarwa tsakanin sassan da ke riƙe tunani ta soma rauni. Ta shawarce ta da ta sanar da 'ya'yanta.

"Wato layukan suna nan, haɗin ne ke yankewa," in ji ta. "Na san aikin."

Mijinta kaɗai ta gaya wa. Ta sa ya rantse ba zai furta ba sai ita ta faɗa da bakinta, bayan autarsu mai ciki ta sauka lafiya. Ya roƙe ta ta rubuta ta ajiye. Ta ce, "Haba Malam, shekara talatin ban rubuta lamba ba, wannan ce zan manta?"

Jinya

Auta ta haihu, uwar ta ɗaga maganar zuwa yaye. A 2016 mijin ya tuna mata, ta dube shi ta ce, "Wace magana?" Ya maimaita mata sau da dama, kullum ta yi kuka kamar yau ta fara ji, gari na wayewa ta manta. Shekara bakwai ya yi jinyarta da rantsuwa a wuyansa, matar da ta ɗaure shi tana raye amma ba ta da ikon kwance shi. Har yau dangi ba su daidaita ba kan ko amana ya riƙe, ko haƙƙin 'ya'yansa ya danne.

Rasuwa

Ta rasu da hantsin Talata, 14 ga Maris 2023, aka binne ta da la'asar a maƙabartar gari. Da aka dawo mijin ya tara 'ya'yan a ɗakinta ya faɗa masu komai. Babbar ta ce, "Baba, shekara goma?" 

Ta bar miji da jikoki tara da 'ya'ya uku: namijin, direban motar haya; auta, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ce ba ta son a gwada ta; da babbar, malamar makaranta mai 'ya'ya mata huɗu, wadda ta je aka gwada ta, ta karɓi sakamakon, kuma har yau ba ta gaya wa kowa ba.