Ranar da Ƙasa Ta Girgiza a Wurin Fasa Dutse

Ni na matsa wa maigidana ya je wurin nan. Shi babu ruwansa da fim. Sana'arsa sayo tsoffin motoci da kayan gyaransu daga Japan, a sauke su a Dubai, a sake loda su zuwa Kwatano. Ofishinsu wani ɗan ɗaki ne a Al Khabaisi, mu kuma muna zaune a International City, a wani fulat da ke hawa na uku, inda ƙamshin girkin ƙasashe goma ke haɗuwa a matakala.

Muna yara a Gwammaja akwai maƙwabcinmu mai bidiyo, yana da kaset-kaset na wani shirin Japanawa. Jarumin shirin yana sa kwalkwali ya rufe fuska ruf, yana yaƙi da dodanni. Ko kalma ɗaya ba ma ji, amma mun haddace komai. Duk inda aka fara faɗa, a wuri ɗaya ake ƙarasa shi: wani fili mai tsakuwa, bayansa dogon dutse a yanke sumul kamar an yanka sabulu. A nan dodo yake faɗuwa, wuta ta tashi. Ni kaɗai ce mace a kan tabarmar, kuma na sha duka a gida saboda kifa kwanon sha a kai ina kwaikwayon jarumin.

Sai da na zo Dubai, zaman kaɗaici ya koya mini tone-tone a waya, na gano ashe wurin yana nan. Tsohon wurin fasa dutse ne a wani ƙauye arewa da Tokyo, har mutane suna zuwa ɗaukar hoto. Da tafiyar maigidana zuwa Japan ta taso na dame shi, safe da yamma, har ya ce, "Khalas, shi ke nan, Malama, zan je. In na gama da gwanjo zan je in gano miki dodonki."

Ranar da ya je, hantsi ne a wurinmu, su kuma rana ta fara yin sanyi. Ina ninke abayoyin da zan kai wa masu kago a kasuwar Naif sai ga kiransa na bidiyo, ta manhajar nan da aka yarda da ita a nan, wadda ba ta rabuwa da yankewa.

"Kin wahalar da ni," ya ce yana haki. "Jirgin ƙasa, bas, sannan tafiyar ƙafa. To, ga shi."

Ya juya wayar. Na zauna a bakin gado ban sani ba. Dutsen nan ne, da yankansa, da tsakuwarsa. Sai dai ya fi ƙanƙanta a kan yadda na riƙe shi a kai, kuma ciyawa ta fito a gindinsa. Can gefe akwai wani kududdufi, da wasu mutum biyu da kyamara.

"Alhaji, matsa kusa da dutsen. Daga saman can jarumin yake dirowa."

"Ke dai ba kya tausayina."

Ya matsa. Ina jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin takalminsa. Ya ɗaga wayar sama yana nuna mini bakin dutsen, sai wata irin ƙara ta ɓarke, kamar jiniya, da muryar mace tana maimaita wata magana da Japananci. Ba daga wayarsa kaɗai ba, har daga ta mutanen can.

"Mene ne wannan?" na ce.

Hoton ya fara rawa. Na ga sama, na ga ƙasa, na ji ya ce, "Innalillahi!" Sai wani ruri kamar tifa tana juye dutse. Hoton ya tsaya cak a kan wani abu fari-fari. Kiran ya yanke.

Na kira, bai shiga ba. Na sake. Na ce wa kaina ai halin manhajar ne. Na kira ta layin waya sosai, wata mata ta yi mini bayani da harshen da ba na ji.

Ban san yadda na isa ƙofar maƙwabciyata ba, ko mayafi babu. 'Yar Damagaram ce, muna ce mata Maman 'Yan Biyu. Ta buɗe da ludayi a hannu, ta dube ni sau ɗaya, ta kashe gas.

"Doucement, 'yar uwa. Zauna. Faɗa mini da sannu."

Na faɗa mata a rikice. Ta ɗauki wayarta ta shiga labaran Faransanci, ina kallon bakinta yana motsi. Da ta ɗago ta ce, "Girgizar ƙasa ce. A yankin da kika ce. Sun tsayar da jiragen ƙasa."

"An mutu?"

"Ba su faɗa ba."

"Ba su faɗa ba, ko ba a mutu ba?"

"Ba su faɗa ba," ta ce, ta riƙe hannuna.

Na kira ubangidansa a Al Khabaisi, dattijo ɗan Kano da ya daɗe a Dubai. Ya ce, "Shwaiya shwaiya, bi a hankali, Hajiya. Can ƙasar kullum sai ta motsa, gine-ginensu sun saba." Na ce ba a gini yake ba, yana gindin dutse.

"Wane dutse? Me ya kai shi gindin dutse?"

"Ni na aike shi."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce zai kira masaukinsu. Da ya sake kira, muryarsa ta canza. Wai tun safe da maigidana ya fita bai dawo ba, kuma su ma ba sa samunsa.

Ana cikin haka surukata ta kira daga Kano, kamar yadda ta saba in ta gama lazimin safe. Tana da hawan jini, kuma shi kaɗai ne ɗanta namiji. Na bar wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Da ta sake kira Maman 'Yan Biyu ta ce, "Ɗauka. In ba ki ɗauka ba za ta fi tsorata."

"Ina kwana, Hajiya. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Yaya kewa? Kin ji daga mai tafiya?"

"Mun yi magana ɗazu," na ce. Ba ƙarya na yi ba.

"Muryarki fa?"

"Mura ce, Hajiya. Sanyin na'ura."

Ta yi mini faɗan shan ruwan sanyi, ta sa albarka, ta kashe. Na kifa kai a kan gwiwa.

Na yi azahar a ɗakin maƙwabciyata da hijabinta. Ban san abin da na karanta ba. Ta zuba mini shinkafa, na kasa kai loma. Duk motsin lif sai in ɗaga kai, alhali na san mutumin da ke Japan ba zai fito daga lif ba. Abin da ya fi cina shi ne maganata ta ƙarshe: matsa kusa da dutsen. Da na bar shi inda yake tsaye. A labarai aka fara nuna hotuna, kwalabe a zube a kanti, wata hanya ta tsage, mutane cunkus a tasha. Ba wanda ya nuna wurin fasa dutse. Wa ma zai je ya duba can? Kuma na san a wurinsu duhu ya fara.

La'asar ta kusa sai ga kiran Hajiya kuma. Na ce shi ke nan, wani ya gaya mata. Na ɗauka.

"Ke, 'yar nan," ta ce, "murar nan taki ta iya ɓoye magana."

Kafin in yi magana ta ci gaba.

"Yanzu mijinki ya kira ni da wata doguwar lamba. Ya ce in gaya miki yana nan da ransa, ki daina kuka. Wai lambata kaɗai ya riƙe a ka."

Kukan da na yi ta dannewa ya ƙwace. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta karanto mini lambar ɗaya bayan ɗaya, Maman 'Yan Biyu tana dannawa.

Wani namiji ne ya ɗauka, ya yi ta magana, sai na ji an miƙa wayar.

"Malama."

"Alhaji! Ka ji ciwo?"

"Gwiwa ce kawai, da tafin hannu. Duwatsu suka gangaro daga sama, na ruga, na faɗi, wayar ta faɗa kududdufi. Inda na tsaya ina nuna miki, wani dutse kamar injin mota ya sauka a wurin."

Mutanen nan biyu masu kyamara su suka ɗaga shi. Wani dattijo ne da ƙaninsa, su ma shirin ne ya kawo su, tun suna yara suke kallonsa. Hanyar fita ta toshe, sai da suka zagaya ta cikin daji a ƙafa kafin su kai motarsu, kuma layukan waya duk sun cushe. Da babu jirgi, suka tafi da shi gidan 'yar uwarsu. Matar ta wanke masa ciwon, ta dafa masa shinkafa da kifi da ya nuna musu ba ya cin naman alade. Ba sa jin Turanci sosai, shi ba ya jin nasu.

"To yaya kuke magana?"

"Na nuna musu da hannu cewa matata ce ta turo ni. Yanzu haka tsohon ya ɗauko wani akwati cike da hotunan jarumin naki, yana ta yi mini bayani. Ya nuna lallai sai ya gaishe ki."

Aka ba shi wayar. Ya yi magana mai tsawo, a hankali, kamar mai gaida babba. Ban fahimci komai ba. Na share hanci da gefen hijabin aro, na ce, "Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri. Na gode."