Lallen da Ya Hana Inna Katin Ɗan Ƙasa

Shekarar da aka rufe layukan wayar waɗanda ba su da lambar katin ɗan ƙasa, Inna ta tayar mana da gida a Tsamaye. Na ce a sayi sabon layi da sunana a huta, ta dube ni kamar na zage ta. Ƙanenta, Kawu, ya daɗe da bin shanun mutane zuwa kudu, ba shi da waya, lambarta kaɗai ya haddace. Duk inda ya sami mai aron waya sai ya kira. In lambar nan ta mutu, shi ke nan, ba mu san inda za mu neme shi ba.

Aka sa ranar zuwa Sabon Birni don a yi mata katin. Da Inna ta ji za a ɗauke ta hoto, sai abin ya zama biki. Matan gida suka kwaɓa lalle, aka ƙunsa mata hannu da ƙafa, ya kama baƙi wuluk har yana sheƙi. Ni ma na yaba, har da guɗa, don ban fi su sani ba. Da safe ta sha kwalli, ta ɗaura zanen da take ɓoyo a ƙasan adaka, muka hau bayan a-kori-kura tana gaisa da duk wanda muka wuce.

A ofis mun tarar da layi har waje, amma furfura ta yi mana rana, aka shigar da ita gaba. Ma'aikaciyar wata yarinya ce mai fara'a. Ta ɗauki hoto, ya yi kyau, Inna ta sa aka juyo mata allon ta ƙara kallo. Sai aka zo ɗora yatsa a kan na'ura. Aka ɗora, shiru. Aka goge, aka canza hannu, shiru. Yarinyar ta juya tafin Inna, ta ƙunshe dariya, ta ce lallen ne ya rufe zanen yatsun, sai ya koɗe za a iya.

"Ɗiyata, don ku hwa niy yi shi," in ji Inna. "Yanzu adon ne laihi?"

Ofis ya ɗauki dariya, har da mai gadi. Ni kuwa raina ya ɓaci, na fara faɗa a kan kuɗin mota. Yarinyar ta lallashe ni, ta ce ko ita da bikin yayarta haka ta yi fama, kuma in mun dawo mu wuce kai tsaye wurinta.

Daga ranar Inna ta ƙwace duk aikin ruwa na gidan. Wanki nata, wanke-wanke nata, wankin gero nata. Matan yayyena suka miƙe ƙafa suna ta addu'ar kada lallen ya yi saurin fita. Ta gwada lemun tsami, ta gwada toka. Da na kama ta da dutsen goge kaushi sai na ƙwace, kada ta goge zanen gaba ɗaya.

Da yatsun suka yi fari muka koma. Na'ura ta karɓa nan take, Inna ta yi wa yarinyar addu'ar da ta isa mutum goma. Bayan an haɗa lambar, layi ya buɗe, muka shiga jiran kiran Kawu, kuma jiran ya fi komai ciwo.

Ran wata kasuwa muna sussukar dawa wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Kawu ne. Ya ce ya kira ya kira ana ce masa layin ba ya aiki, har ya ɗauka ta rasu, ya yanka kaza ya yi mata sadaka.

"Kaza?" in ji Inna. "Ni da nig goye ka, kaza ɗai kay yanka mini?"

Muka faɗi ƙasa don dariya. Da na ɗago sai na ga ta juya mana baya, ta riƙe wayar da hannu biyu, tana kuka tana ce masa ya ƙara magana ta ji muryarsa.