Manhajar da Ba Ta Fita Ɗakinta

A asibitin ana kiransa Makulli, kuma ba a yi masa ƙage ba. Mutum ne da in ka yi masa sallama da fara'a sai ya yini yana binciken abin da kake nema. Matarsa kan ce ko gwangwanin sukari ya rufe, sai ya dawo ya duba.

Ba haka aka haife shi ba. A wurin aikinsa na farko, shugabansa ya kwashe manhajar da ya rubuta, ya liƙa mata sunansa, ya samu ƙarin girma da ita. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Shi ya sa da ya zo nan, ya samu ɗan ɗakinsa a bayan ɗakin magani, ya yi rantsuwa ba za a sake ba. Shekara da shekaru yana gina rumbun ilimi a kwamfuta: wace cuta ce 'yar'uwar wace, wane magani ne ba ya shiri da wane. Aiki ne mai kyau, ko maƙiyinsa ya shaida. Amma da gangan ya ɗaure manhajar da tsohuwar na'urarsa, ya sa wa kowane sashe sunan da shi kaɗai ya san ma'anarsa. In ka ɗauke ta zuwa wata na'ura, sai ta yi shiru kamar an yi mata baƙo.

Sai ga wata injiniya da aka ɗauko. Ta yi masa bayani cewa sauran asibitoci sun yarda da tsari guda, yadda abin da aka gina a nan zai yi aiki a can. Ta roƙe shi su zauna tare su warware manhajarsa gunduwa-gunduwa, sunansa kuma yana kan kowace. Makulli ya kalli kofin shayin da ta kawo masa, ya ƙi taɓawa. Ruwa ba ya tsami banza.

"Baba, ba ƙwace maka za mu yi ba," ta ce. "So nake aikinka ya fi na'urar nan tsawon rai."

"Haka shugabana na farko ma ya ce, 'yata," ya amsa, ya juya mata ƙeya.

Ta dawo, ya ce yana da uzuri. Ta sake dawowa, ta tarar ya canza kalmar sirri. A gida matarsa ta ce masa yarinyar nan ba ta yi kama da ɓarauniya ba. Ya tambaye ta ko ɓarawo yana yawo da allo a wuya.

Da sabon tsarin ya iso, manhajojin kowa suka ƙaura lafiya. Tasa ta ƙi motsi. Injiniya da abokan aikinta suka aro rumbun wani asibitin, wanda bai kai rabin nasa kyau ba, suka ɗora, ya hau daram.

Ba a kore shi ba. Yana nan a ɗakinsa, na'urar tana ta gurnani, likitoci kuwa sun daina leƙowa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya kasa gaya wa kowa. Da yamma ya tashi tafiya, ya zaro makullin ƙofa kamar kullum, ya tsaya yana kallonsa. Babu wanda ya sace masa komai. Ya mayar da shi aljihu, ya bar ƙofar a buɗe.