Safiyanu Mai Garken Tsutsa

A garinmu da ke gefen Karofane, a ƙasar Adar, kowa in ya idar da sallar asuba sai ya leƙa garkensa. Safiyanu ma yana leƙawa, sai dai shi nasa garken na tsutsa ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana buɗe tarkon fitila na bakin gona, ya zube ƙwarin da suka faɗa ciki a faifai, ya ƙirga su ɗaya-ɗaya, ya rubuta a kaye, wato littafin rubutunsa, don masu bincike. Matarsa Mariyatu ta daina ba shi aron kwano tun ranar da ta buɗe na furarta ta iske baƙi suna motsi.

Mun yi masa dariya, wallahi har da ni.

Sai ga murzuna, tsutsar nan mai cinye zangarniyar gero. Damina biyu a jere ta bar mu da kara, in ta ci ta uku kuwa rabin gari sai ya watse. Safiyanu ya ga ƙwarin da ke haifar ta suna ƙaruwa a tarkonsa, ya san tana tafe. Ya haɗa 'yan jakunkuna na algarara goma sha biyar, kowace da tsaba da tsutsa da wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. A ciki zai hayayyafa a jikin tsutsar, 'ya'yansa su fito ta ramukan saƙa su bi murzuna su kashe ta. Ya tara dattawa ya yi musu bayani har muryarsa ta dushe, suna ta gyaɗa kai. Sannan ya rataye jakunkunan a itatuwa.

Da ya zagayo bayan 'yan kwanaki, sai ya iske an yi musu aiki. Biyar na gabashin gari sun zama layu, an rufe su ruf da jar fata, ɗinki mai kyau har da tuntu. Baba Jima, dattijon unguwar, yana tsaye gindin gawo yana jiran godiya, don shi ya kai su wurin baduku.

"Ɗana," in ji shi, "abin da ka tsaron gero a bar shi tsirara ruwa shi buge shi?"

"Baba, to ta ina za su hita?"

"Su wa?"

Safiyanu ya ji kamar ya yi kuka. Amma bai ɗaga wa tsoho murya ba. Ya yi masa godiya, ya ari aska, ya zauna a rana yana warware ɗinki, baduku na tsaye a kansa yana tsaki. Da ya ɓare ta farko, 'yan ƙwarin suka fito da ransu, ya ce alhamdulillahi har sau uku. A kakar nan rumbuna suka cika, babu gidan da ya watse. Har yau Baba Jima na rantsuwa geron gabas ya fi kyau, albarkacin fata.

Safiyanu, bana idonka ya gaji, ka miƙa kayenka ga 'yarka Bushira. Kai ne ka tsugunna ka dubi abin da mu muke takawa mu wuce, Safiyanu, kuma furar da muka sha muna yi maka dariya daga geron da ka tsare ta fito. Mun ji kunya, mun kuma gode, Allah ya saka maka da alheri.

Ku samarin Adar, ku koyi tsugunnon nan. In kuma kun ga 'yar jaka rataye a itace, don Allah ku bar ta tsirara.