Na Je Sabon Tasha Karɓar Aiki

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke bayan Zonkwa, ni da maƙwabcina, wanda ya yi aiki a sashen rini na masaƙar da ni ma na ba wa ƙuruciyata a Kakuri, cikin Kaduna. Na sa kwat ɗina mai ruwan toka da hular zuwa coci, domin a makarantar mishan an koya mana cewa mutum ba ya shiga taron jama'a kamar wanda aka koro daga gona. Maƙwabcin nawa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Oga, biki za mu je ko kotu?" Ban tanka ba, shi kuwa ya ɗauka ban ji ba ne. Wannan na daga cikin 'yan fa'idodin nauyin kunne.

Saboda waɗanda suka shigo wannan shafi namu daga baya, bari in bayyana dalilin tafiyar. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan masaƙun Arewa ta buɗe shafin nan a yanar gizo domin kowa ya ajiye abin da ya sani: hotuna, zanen atamfa, sunayen injuna, da tarihin abokan aikin da suka riga mu tafiya. Mutumin Kano ya rubuta, na Gusau ya gyara masa, na Funtuwa ya zo ya ce duk su biyun sun yi kuskure. Ni ma na ba da gudummawa mai yawa, ko da yake an sha roƙona in taƙaita. A bana aka yanke shawarar ɗaukar maganar hannu a bidiyo. A ɗakin saƙa, idan injuna suka tashi gaba ɗaya, ko ihu mutum ya yi a kunnen ɗan'uwansa ba za a ji ba. Saboda haka da hannu muke magana: zare ya tsinke, kira makanike, helma mai duba ma'aikata na tafe, lokacin abinci ya yi. Babu makarantar da ta koyar da ita, babu littafin da ya ɗauke ta, kuma masu ita suna ƙarewa. Aka sa ranar Asabar a taru a Sabon Tasha, na nesa su shigo ta waya.

Amma ba wannan ne kaɗai ya fito da ni ba. Akwai Alhaji. Shi ne wanda nake karɓar aiki daga hannunsa a layinmu. Duk yadda aka juya jadawalin aiki, idan ya gama, ni ne ke tsayawa a inda ya tsaya. Ranar Juma'a nakan zo da wuri domin ya samu masallaci, ranar Lahadi shi yakan ƙara tsayuwa har in fito daga sujadar farko a coci. Bayan an rufe masaƙar, garin Kaduna ma ya rabu biyu saboda rikici, Alhaji ya ƙaura hayin kogi, daga can ya koma garinsu a yankin Funtuwa. Fiye da shekara ashirin ban sa shi a ido ba. Mun gwada waya, amma kurame biyu a waya abin tausayi ne: ni ina "Eh?", shi yana "Me ka ce?", har kati ya ƙare. Sai ga 'yarsa ta rubuta a shafin cewa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana ta ɗauke, ƙarfi yana raguwa, amma za ta zaunar da shi gaban waya ranar taron idan Allah ya yarda. A ƙauyenmu sai an hau tudun bayan coci ake samun netwok, shi ma na karanta saƙo ne, ba na ganin fuska ba. Na ga cewa idan ban je Kaduna ba, wataƙila ba zan sake ganinsa ba a duniya.

Motar da muka samu ƙaramar bas ce wadda ta ga zamani kusan kamar ni. Kuɗin motar da aka faɗa mini, a lokacinmu da shi ake sayen keke sabo a ba yaro. Damina ta yi nisa, gonakin citta da na masara sun rufe gefen hanya da kore, hanyar kuwa ruwa ya ci ta ta ko'ina. Direban yana kauce wa ramuka da gwaninta irin ta wanda ya san kowanne da sunansa. Wuraren bincike suna da yawa, a kowanne sai jami'i ya leƙo ya ga kwat ɗina ya ce, "Baba, sannu da hutawa." Na lura ba wanda ya faɗa wa maƙwabcina haka.

A Kachia muka tsaya karin kumallo. Wata mata tana da kunun gyaɗa mai zafi da ƙosai, na sha na yaba, sai dai ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai. Na gaya mata haka cikin ladabi, ta ce in je in yi ƙarar wake. Muka sayi gasasshiyar masara da atili muka riƙe a hanya. Daga nan har Kujama idona yana kan sama, domin hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kuma an gaya mini ruwan sama abokin gabar netwok ne.

Mun shiga Sabon Tasha da hantsi. Na bar ta unguwa, na tarar da ita gari. Kekuna masu ƙafa uku sun cika titi kamar tururuwa, shagunan waya a jere, coci a saman bene, coci a ƙarƙashinsa, kowanne da lasifikarsa. Ana Hausa ana buroka ana Tibi a numfashi ɗaya. Tun da taron sai bayan azahar, na ce wa maƙwabcina mu je Kakuri. Ya ce, "Oga, me za ka gano? Ciyawa?" Na ce ko ciyawa ce, tamu ce.

Ciyawar kuwa muka tarar. Ƙofar ƙarfen tana nan, tsatsa ta cinye fentin, wata bishiya ta fito ta tagar ofishin biya. A inda dubban kekuna ke jingine a da, masu walda ne da mai gyaran taya. Na nemi rumfar matar Binuwai da ke sayar mana da sakwara da miyar agushi idan an yi albashi, na tarar da shagon cajin waya. Abin da ya fi damuna shi ne shirun. Ni da kunnena ya mutu saboda ƙarar wurin nan, na tsaya ina marmarin in sake jin ta ko sau ɗaya.

A bakin ƙofar nan na tuna yadda muke karɓar aiki. Mai fita ba ya barin injinsa sai mai shiga ya iso. Zai bi gefen yadin da yatsa ya nuna maka inda aka samu matsala, sa'an nan ya buɗe tafin hannuwansa biyu wajen injin, ma'ana ga shi nan. Kai kuma ka ɗora tafin damanka a kan ƙarfen gaba, ka dafa ƙirjinka: na karɓa. Sai a lokacin zai kakkaɓe audugar kafaɗarsa ya tafi gida. Idan ba ka dafa ba, ko jiniya ta gaji da kuka, yana nan tsaye. Ranar da aka rufe masaƙar, Alhaji yana ciki. Na zo da safe kamar kullum na tarar da kwaɗo a ƙofa, su kuma aka fitar da su ta ƙofar baya. Ya bar injin ba wanda ya karɓe shi. Na san Alhaji. Na san wannan abu ya zauna masa a rai kamar yadda ya zauna mini.

Taron an yi shi ne a ɗakin da ke saman shagon Sakatariyarmu. Ita a ofishin zanen atamfa ta yi aiki, bayan an sallame mu ta koyi kwamfuta da furfurarta, kuma ita ce ta gina shafin nan take kula da shi. Ta kafa babban allo a bango da kyamara a kan tebur. Allon ya rabu gida-gida, a kowane gida da tsoho ya manna hancinsa a waya. Ta yi ta roƙo: "Baba na Gusau, ja baya kaɗan, goshinka kawai muke gani!" Aka fara ɗaukar alamu ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta ma'anar kowacce a shafin nan take, na nesa suna gani suna gyarawa. Gardama ta tashi a kan alamar "helma na tafe". Mu a Kaduna hula muke taɓawa, mutanen Kano kuwa tumbi suke zanawa a iska. Maƙwabcina ya ce ai helmomin Kano sun fi namu cin abinci, aka yi dariya har a Gusau. Sakatariya ta ce za a ajiye duka biyun, kowa da garinsa, na ga wannan hukunci ne na adalci.

Ina cikin wannan duka, idona yana kan wani gida baƙi a ƙasan allon, mai ɗauke da sunan 'yar Alhaji. Ya haskaka ya mutu, ya sake haskakawa ya mutu. Sai ruwan ya sauko.

Rufin ɗakin kwano ne. Ruwan ya dake shi da ƙarfin da ya sa lasifika ta zama banza. Sakatariya tana magana, bakinta kawai ke motsi. Na ga matasan da suka rako iyayensu sun ruɗe. Mu kuwa tsofaffi muka dubi juna, wani abu ya warware a fuskokinmu. Wannan ƙara mun san ta. Ba wanda ya ba da umarni, hannuwa suka tashi, aka ci gaba da taro.

A tsakiyar haka gidan baƙin ya buɗe. Ga Alhaji a kujera, an jingina shi da matashi, farar hula a kansa. Ya rame ƙwarai, gefen bakinsa ya karkace, hannunsa na hagu yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Sakatariya ta faɗaɗa hotonsa ya cika allon, ta ja ni gaban kyamara, ta yi mini ihu a kunne: "Baba, yana ganinka! Tsaya nan, kar ka motsa!" Na tsaya, na gyara kwat ɗina. Duk jawabin da na shirya tun daga Zonkwa ya gudu.

Ya daɗe yana dubana. Sa'an nan ya ɗaga hannun dama, ya juya yatsa a saman kansa, ya nuna ni. Ma'ana, jiniya ta daɗe da bugawa, ka makara. Ɗakin ya fashe da dariyar da ba a ji. Na taɓa kwat ɗina na nuna masa hanya mai nisa, ya girgiza kai alamar bai karɓi uzurin ba, kamar yadda bai taɓa karɓa ba. Sai fuskarsa ta natsu. Ya bi iska da yatsa a hankali, kamar mai bin gefen yadi. Ya buɗe tafinsa ɗaya, wanda ya rage masa, ya miƙo.

Na ɗora tafina a kan teburin Sakatariya, na dafa ƙirjina. A daidai nan hoton ya daskare. Alhaji ya tsaya cik da hannu a miƙe, wani ɗan zobe yana juyawa a tsakiyar fuskarsa. Ban san ko ya gani ba. Sakatariya ta ruga wajen na'urarta, wani ya ɗaga waya ta taga, ni kuwa na ƙi ɗage hannuna daga teburin. Maƙwabcina ya yi mini alamar in zauna, na ƙi. Mai karɓar aiki ba ya zama. Na tsaya a haka, hannu ɗaya a tebur, ɗaya a ƙirji, har hoton ya motsa.

Ya gan ni. Na ga lokacin da ya gani. Ya sauke hannunsa a hankali, ya kai shi kafaɗa, ya kakkaɓe. 'Yarsa ta sunkuyo cikin hoton tana share ido da gefen mayafi, daga nan layin ya yanke, bai kuma dawowa ba.

Mun kwana a gidan ɗan ƙanwata a Gonin Gora, washegari bayan sujada muka kamo hanya. A Kachia maƙwabcina ya saya mini ƙosai ba tare da na roƙa ba. Mun iso gida da yamma, na rataye kwat ɗina a inda yake.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma zan faɗe shi. A da ina ɗaukar shafin nan wurin ajiyar abin da ya wuce, kamar sito. Yanzu na ga wuri ne da mutane ke iya ƙarasa abin da suka bari a tsakiya. Saboda haka ina roƙon duk wanda ke da abokin aiki da rai, kada ya jira. Ya nemi Sakatariya ta haɗa su, ko da kunnuwa sun mutu, muddin akwai sauran hannu ɗaya.

Sakatariya ta sa bidiyon a sashen maganar hannu, ƙarƙashin "Karɓar aiki, Kaduna". 'Yar Alhaji ta rubuto cewa a ranar ya ci abinci fiye da yadda ya saba, ya yi barci mai nauyi. Ni kuwa kowace safiya ina hawa tudun bayan coci da sandata, in jira bidiyon ya buɗe. Yakan tsaya a tsakiya, a daidai inda hannunsa ke miƙe. Ba na jin haushi. Nakan dafa ƙirjina in jira, har ya kakkaɓe kafaɗarsa, sa'an nan in sauko.