Abin da Mai Turke Ya Tono

Kawuna, wan mahaifiyata, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana buga bulo a wani fili bayan tashar mota. Gajere ne kakkaura, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Ga shi da barkwanci. In ya shigo gidanmu ya tarar Mama na faɗa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ƙanwata, rage wuta mana, tun daga titi nake jin ƙauri." Dole ta yi dariya ko ba ta so.

Yana cikin wannan sana'a wani shiri ya zo garinmu, wanda aka ce kuɗinsa daga ƙasashen waje ne. Za a auna gonakin ƙauyuka, a ba kowane manomi takardar shaidar mallaka, don kada wani mai ƙarfi ya wayi gari ya ce gonar tasa ce. Suka kama wani gida mai ɗaki huɗu suka yi ofis, suka shafe shi da farin fenti, suka manna taswirori a bango. Suna neman wanda zai zuba musu turakun siminti na iyaka, kowanne da lambarsa a ka, sai aka nuna musu Kawu. Da suka ga ya iya haƙa kuma ba ya ƙorafin rana, suka ce ya riƙa bin motar yana kafawa da kansa. Daga nan sunansa ya koma Mai Turke, har matarsa ma haka take kiransa in tana son tsokana.

Shugaban masu awon wani mutum ne siriri mai tabarau, kowa na ce masa Injiniya. Shi zai kafa na'urarsa mai ƙafa uku ya leƙa, ya ɗaga hannu ya ce, "Nan, Baba," Kawu ya sa diga. Shekara biyu suna haka, kuma Kawu ya ji daɗin aikin ƙwarai. Ya sha ba mu labarin wata mata da mijinta ya rasu, 'yan'uwan mijin suka yi ta zagayen gonarta. Ranar da aka miƙa mata takarda, sai ta naɗe ta a gefen zani, ta zo ta dafa turken da ya kafa tana kuka tana sa masa albarka.

A shekara ta uku aka juya kan wata fadama a bakin kogi. Za a baje ta, a ja mata ruwa, a yanka wa iyalai ɗari uku su yi noman shinkafa rani da damina. A hoton da aka ɗauko daga sama, wurin fayau yake. Da suka isa sai suka tarar da bukka ɗaya a gindin wata aduwa, da awaki biyar, da wata tsohuwa. Ragowar wasu mutane ce da suka sauka nan tun wani fari da aka yi da daɗewa. Sauran sun watse, ita ta ƙi tashi.

La'asar ta yi, saura turke ɗaya su tashi, mai lamba ɗari huɗu da sha bakwai. Injiniya ya nuna wani wuri, taku kaɗan daga aduwar. Tsohuwar ta taso tana dogara sanda.

"Ɗana, kada ka haƙa nan," ta ce wa Kawu. "Akwai mutane a ƙasa."

"Waɗanne mutane, Inna?"

"Maigidana da yarana uku. Yaran a damina ɗaya ƙyanda ta kwashe su."

Kawu ya dubi Injiniya. Injiniya ya cire tabarau ya share gumi, ya ce cikin ladabi, "Inna, duk inda muka je haka ake ce mana. Ban ce ƙarya kike ba, amma ba tudu, ba alama. Zan rubuta abin da kika faɗa." Ya koma wajen na'urarsa yana harhaɗa kaya.

Tun da safe Injiniya ke nanata cewa in ba a gama kafa turaku kafin ruwa ya sauka ba, masu ba da kuɗin za su janye, iyalai ɗari uku su tashi a tutar babu. Da wannan a ransa Kawu ya sa diga. Da ramin ya kai kamar kamu ɗaya sai ya durƙusa yana kwashe ƙasa da hannu, yatsunsa suka kamo wani abu mai laushi. Ƙyalle ne, wanda a da fari ne, yanzu ya koma kalar ƙasa. A ƙarƙashinsa ya ji wani abu mai santsi, zagayayye, bai fi cikin tafin hannunsa ba.

Ya mayar da ƙasa da sauri ya danne da gwiwa. Ya matsa kaɗan ya haƙa wani ramin, ya kafa turken. Da ya ɗago, tsohuwar na tsaye a kansa.

"Ka gani ai," ta ce.

"Ban ga komai ba, Inna."

Ta dube shi kawai, ta juya ta kora awakinta.

Bayan wata biyu aka kai ta sabuwar unguwar da aka gina wa waɗanda aka tasa, aka ba ta ɗaki mai rufin kwano. Manyan motoci suka shiga fadamar suka tuge aduwar, suka baje ko'ina. Maƙwabtanta sun ce ba ta taɓa kwance ƙullin kayanta ba. Kafin shinkafar farko ta nuna ta rasu.

Kawu bai gaya wa kowa ba, kuma da farko ya ɗauka abin zai wuce. Sai ranar taron rufe shirin, a wani babban zaure mai sanyi, inda aka gayyace shi don a ba shi takardar yabo. Wata baƙuwa daga masu ba da kuɗin ta tashi tana jawabi, tafinta na fassarawa. "A ƙa'idarmu," in ji tafintan, "duk inda aka ci karo da kabari, ko na mutum ɗaya ne, aiki zai tsaya nan take a sake jan layi. Muna murna cewa a wannan shiri ba a samu ko ɗaya ba." Zaure ya ɗauki tafi. Kawu na riƙe da kwalbar lemo, ya rasa inda zai ajiye ta.

A waje ya tare Injiniya ya faɗa masa komai. Injiniya ya saurare shi har ya gama. Can ya ce, "Baba, maganar tsohuwa kaɗai ba za ta tsayar da aiki ba. Amma da ka nuna mini abin da ka taɓa, wallahi da na tsayar." Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa ko kansa yake wankewa. Kawu dai ya yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Ya koma buga bulo, amma ba shi ne mutumin da ba. Duk shebur ɗin yashi da ya ɗebo sai ya baza shi ya duba kafin ya zuba siminti, aikin awa ɗaya ya koma na uku. Da tsakar rana, ana hayaniyar tasha, sai ya juya firgigit ya ce wa abokin aikinsa, "Wa ya yi magana?" Matarsa ta ce shinkafa ta gagare shi ci, sai ya tambaya ta ina ce, in aka ce ta fadama ce ya ture kwanon. Barkwancin ma ya ƙafe. Ya shigo gidanmu Mama na faɗa, ya sami kujera ya zauna har ta gama.

Ni ya fara gaya wa a cikin dangi, don ni ce malamar makaranta, yana son in rubuta masa wasiƙa. Mun je ofishin tare muka tarar ya zama shagon sayar da magani. Na aika wasiƙar ta adireshin da ke jikin takardar yabonsa. Bayan wata biyar amsa ta zo: sun gode, sun yi baƙin ciki, shirin an rufe shi, a tuntuɓi hukumar yankin. Hukumar yankin ta ce a tuntuɓi masu shirin.

Sai ya fara zuwa fadamar da kansa. Turken na nan a gefen magudanar ruwa, ko'ina shinkafa kore shar. Wurin ya faɗa a rabon wani manomi mai 'ya'ya bakwai, wanda a da ƙwadago yake yi a gonakin mutane. Da Kawu ya ba shi labari, mutumin ya ɓata rai.

"Baba, me ya sa ka gaya mini? Yarana a nan suke ci. Yanzu da wane ido zan riƙa kallon gonar?"

"Ka yi haƙuri, ƙanena. Na rasa wanda zan gaya wa ne."

Zuwansa na ƙarshe ni na raka shi, bayan girbi, gwiwoyinsa sun riga sun fara ba shi wahala. Muka tarar manomin ya bar wani ɗan fili kamar shimfiɗar tabarma biyu bai noma ba, ciyawa ta yi tsawo a kai, ya kewaye shi da duwatsu. Matar manomin na shanya shinkafa a kusa, ta kawo mana ruwa.

"Nan ne ko, Baba?" manomin ya tambaya.

Kawu ya tsaya a jikin turken ya auna da taku. Ya dawo ya sake aunawa ta wani ɓangaren. Ya sake na uku. Babu aduwa, babu bukka, rana ma ba a inda take ran nan ba.

"Nan ne," ya ce. "Allah ya saka maka."

A mota muna dawowa, da muka kusa gari, Kawu ya juya wajen taga. Yana kallon waje ya ce, "'Yar nan, ban tuna ba ko gabas na matsa ko yamma. Ƙila ma suna ƙarƙashin magudanar ruwan."

Bai sake komawa ba. Ya rasu a farkon daminar da ta biyo baya, bayan jinyar kwana tara.