Likkafanin Kaka

Kakata ta wajen uba ba ta taɓa zama hannu sake ba. Ko gaisuwa aka zo yi mata a ɗakinta, a gidanmu na Ƙofar Marke, da baki take amsawa, hannu yana kan mazari. Audugar daga gonarmu ta Dundaye ake kawo ta, ita za ta gurje, ta shiɓe, ta naɗe sutu a taskira, ta dangwali alli ta hau kaɗi.

Shekarun nan Nasara ba su daɗe da shigowa Sakkwato ba, akoko, farin yadin da suka kawo, ya fara cika kasuwa, har mutane suka koma yi wa mamatansu sutura da shi. Ranar da Kaka ta ji an binne wata ƙawarta a cikin akoko, ko tuwo ba ta ci ba. Ta sa aka kira mahaifina.

"Nasara sun amshe gari, ban iya hanawa ba," in ji ta. "Amma ba ni shiga ƙasa da tuhwansu. Likkahwanina ni ka kaɗa abina."

Mahaifina ya ce, "Allah shi ja kwana, Inna." Ta ce jan kwana bai taɓa hana kowa shiri ba.

Tun daga ranar ta ware taskira guda, zaren da ya shiga cikinta ba na sayarwa ba ne. Aiki ya kai wajen rabi sai rawar hannu ta kama ta. Ta murza mazari ya kuɓuce, ta ja zare ya tsinke. Na sha leƙawa in tarar ta tasa taskirar a gaba tana kallo kawai. Abin ya riƙa ci mini rai, don ba mutuwar take tsoro ba, akokon take tsoro.

Mahaifiyata da Goggo, ƙanwar mahaifina, suka ce za su ƙarasa mata. Ta kore su har sau biyu, don a ganinta duk gidan babu mai kaɗin kirki. Da ta ga jiki yana ƙara ja baya, ta yarda, amma da sharaɗi: masaƙi ya saƙa zaren kowa falle daban, ta san wanda ya cuce ta.

Ni lokacin ina budurwa, kuma duk unguwa an san kaɗina. Nan kauri, can siriri, ga ƙulli ko'ina. Ba wanda ya ce in sa hannu. Na dai ɗebi sutu na koma bayan rumbu na yi ta fama, har na tara abin da zai yi falle guda. Masaƙi ya juya zaren, ya ce da wannan gara a ɗaure akuya. Na tsaya masa a kai sai da ya saƙa.

Da aka kawo, kafin a haɗa, Kaka ta sa aka shimfiɗa mata a cinya. Idonta ya riga ya yi rauni, da yatsa take bi.

"Wanga nawa na. Wanga na uwarki, kullum cikin sauri. Wanga na Goggonki, ba laihi." Sai yatsanta ya hau nawa, ya tsaya. "Wanga hwa? Wa anka ba aikin hanyar shanu?"

Goggo ta yi dariya ta ce a cire shi, sauran ma sun isa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kaka ba ta saki fallen ba. Ta ƙara shafa shi, ta kai shi kumatunta.

"Ke kinka yi shi, ƙawata?"

Na ce ni ce.

"Wa yas sa ki?"

Na ce ba kowa.

Ta juya wajen Goggo. "Ba a hidda shi. In ranar ta zo, wanga za ku sa min daga ciki, wajen jiki. Ya hi ɗumi."

Bayan girbin gero ta rasu. Ba a bar ni na shiga wajen wanka ba, ina zaune a ƙofar ɗaki. Da Goggo ta fito, idonta jawur, ta dafa kaina ta ce, "An sa mata yadda tac ce."